TSOHUWAR GADAR MAKURDI DA WURAREN TARIHI NA HANYAR KEFFI

Duk mutumin Keffi, ko Nasarawa, ko Lafiya da neman abinci ya kai shi Inugu, ko Aba, ko Anaca, ko Fatakwal, ya san ba ya isa can sai ya ƙetare kogin Binuwai. Haka kuma ran da ya ɗaure kayansa zai zo ganin gida, ko don Salla, ko biki, ko ta'aziyya, ba ya jin ya kusa gida sai ya ga ruwan nan ya koma bayansa. Galibin matafiyan yau da dare suke ƙetarewa, cikin manyan motocin safa ko bisa tirelolin shanu, ta kan sabuwar gada, wasunsu ma suna barci. Saboda haka kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa suka dubi tsohuwar gadar ƙarfen nan da ke miƙe can gefe, alhali kuwa ita ce ta buɗe wa iyayensu da kakanninsu wannan hanya da suke ci da ita yau.

An buɗe gadar nan ran 24 ga watan Mayu, 1932, watau yanzu ta ba shekara 90 baya. Daga bakinta zuwa Keffi tafiyar kilomita 220 ce da 'yan kai, kuma kusan kowane zango na hanyar yana da abin da ya cancanci a tsaya a gani. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. To, ga bayanin gadar, da yadda aka yi aka gina ta, da abubuwan da ke kusa da ita, da waɗanda matafiyi zai tarar a hanya har ya sauka Keffi.

KAFIN A YI GADA

Kogin Binuwai ya taso ne daga duwatsun Adamawa cikin ƙasar Kamaru, ya biyo ta Garwa, ya shigo Nijeriya ya wuce Yola da Numan da Ibi da Makurdi, sa'an nan ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Da rani yakan janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, har mutum ya raina shi. Amma in damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, ya shafe fadamu, a da har jiragen ruwa na 'yan kasuwar Turawa sukan hau shi su kai Garwa cikin 'yan watannin da ruwan ke da ƙarfi.

A zamanin fatake ba a san Makurdi a matsayin mashigi ba. Babban mashigin wannan yanki shi ne Loko, cikin ƙasar Nasarawa. Ayari yakan taso daga Kano, ya biyo ta Zariya, ya yada zango a Keffi, ya wuce Nasarawa, kana ya gangara Loko. Jakuna da takarkarai da 'yan alaro su ne motocin wancan lokaci. Suna saukowa da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jemammun fatu, suna komawa da hauren giwa da hajjar Turawa da ke shigowa ta ruwa. A bakin kogi sai masu fito su karɓi mutane da kaya cikin kwalekwale, bayan an daidaita kuɗin fito. In ruwa ya yi fushi kuwa, ba yadda madugu zai yi sai jira.

Wannan hanya ce ta ɗaukaka Keffi. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Gerhard Rohlfs, wanda ya ƙetaro Sahara ya biyo ta Barno, ya sauka Keffi cikin 1867 a kan hanyarsa ta zuwa Binuwai, ya tarar da ita gari mai kasuwa, inda kayan da suka ratso hamada ke gamuwa da waɗanda suka fito daga bakin teku. Ashe tun kafin a kafa ƙarfe ɗaya cikin kogin nan, mutanen Keffi sun saba da kallon kudu wajen neman arziki.

JIRGIN ƘASA YA ISO BAKIN RUWA

Abin da ya jawo gadar Makurdi ya faro ne daga ƙasar Ibo. Cikin 1909 Turawa suka gano kwal, watau gawayin ƙasa, a duwatsun Udi kusa da inda Inugu take yanzu. A lokacin kuwa da kwal jirgin ƙasa da jirgin ruwa ke tafiya. Don a fitar da shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka shimfiɗa dogo daga can, ya iso Inugu cikin 1916. Yaƙin Duniya na Farko ya sa aikin ya tsaya cik. Da aka ƙare yaƙi sai aka ci gaba da jan dogon zuwa arewa, da nufin a haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko ya kai Kano, kuma a sami gajeriyar hanyar fitar da kuzar Jos zuwa teku.

Wajen 1927 dogon ya haɗe daga Fatakwal har Kaduna, ta Makurdi da Lafiya da Kafanchan. Sai dai fa akwai giɓi guda a tsakiya, shi ne kogin Binuwai. Abin da ake yi a lokacin shi ne, in jirgi ya iso bakin ruwa sai a rarraba taragunsa, a tura su kan wani ƙaton jirgin fito mai dogo a bisansa, a ƙetarar da su kaɗan-kaɗan, a sake ɗaura su a ɗaya gaɓar. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, balle ga kogin da tsayin ruwansa na rani da na damina suka sha bamban. Kaya sukan taru, fasinja su gaji da jira. Dole aka koma ga shawarar gada, kamar yadda aka riga aka yi wa kogin Kwara a Jaba.

YADDA AKA GINA TA

Dalilin da ya sa dogon ya nufo Makurdi tun farko shi ne a nan kogin ya tsuke, bai baje ba kamar yadda ya yi a wasu wurare. An fara aikin gadar cikin 1928. Kamfanin da aka ba kwangila shi ne Sir William Arrol, na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, wanda ya riga ya yi suna wajen irin wannan aiki, domin shi ne ya gina babbar gadar jirgin ƙasa ta Forth a ƙasarsu, kuma shi ne ya yi aikin ƙarfen mashahuriyar gadar nan mai hasumiya biyu da ke kan kogin birnin Landan.

Wahalar gina gada a babban kogi tana ƙarƙashin ruwa ne, inda ido ba ya gani. Yashi ba ya riƙe nauyi, saboda haka kowane ginshiƙi sai an nutsa shi ya wuce yashi da laka ya zauna kan ƙasa mai tauri, in ba haka ba ambaliyar shekara ɗaya ta isa ta kwashe ƙasan ginshiƙin. Bayan ginshiƙai sun tsaya sai a ɗora gadon ƙarfe daga wannan zuwa wancan. Mai kallo zai ga ƙarafan an gicciya su, sun yi siffar alwatika-alwatika. Ba don ado aka yi haka ba, hikimar ita ce nauyin jirgi ya rarrabu a kan ƙarafa da yawa har ya sauka kan ginshiƙai. A wancan zamani kuwa da ƙusoshi masu kai biyu ake ɗinke ƙarfe da ƙarfe, a gasa ƙusa ta yi ja, a zura ta, a doke ta tun da zafinta. Wanda ya matsa kusa zai ga kawunansu jere reras kamar an shuka.

Shekara huɗu aka yi ana wannan aiki. Tsawon gadar ya kusa rabin mil, watau wajen mita 800, kuma ta ci kuɗi kimanin fam miliyan ɗaya, kuɗin da a wancan lokaci ambatonsu kawai ya isa ya sa mutum ya riƙe baki. Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Donald Cameron, shi ya buɗe ta, kuma a ranar ana lissafa ta a matsayin gadar da ta fi kowace tsawo a Afirka. An yi ta ne yadda jirgin ƙasa da mota za su yi tarayya a kanta.

Turawa ne suka zana, su suka kawo ƙarafa, amma ƙarfin da ya ɗaga su na 'yan ƙasa ne. Leburori da maƙera da kafintoci da masu tuƙin kwalekwale sun taru daga ko'ina, Tibi da Jukunawa da Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu. Masu sayar da abinci da mahauta da 'yan koli suka biyo su. Da yawa daga cikinsu ba su koma ba bayan an gama aiki. Ta haka Makurdi, wadda a da 'yar tashar bakin ruwa ce, ta zama gari sosai.

ABIN DA GADA TA JAWO

Da aka buɗe gada sai kasuwanci ya sauya hanya. Kuzar Jos da gyaɗa da riɗi da fatu suka riƙa gangarawa Fatakwal, kwal da manja da hajja suna hawowa. Shanun da a da ake korawa a ƙasa wata da watanni, suna ramewa a hanya, sai ga su cikin taragu suna isa kasuwannin Gabas cikin 'yan kwanaki. Dillalan shanu da mahauta da masu sayar da albasa da wake da busasshen kifi suka bi dogo, unguwannin Hausawa suka ƙara cika a Inugu da Umuahiya da Aba da Fatakwal. Haka su ma mutanen Gabas suka hawo, akawuna da direbobin jirgi da makanikai da 'yan kasuwa, suka zauna a Kafanchan da Jos da Kaduna da Kano. Duk wanda ke zaune a wani zangon Hausawa a Gabas yau, in ya bi salsalar zangon, da wuya bai tarar da gadar Makurdi a ciki ba.

Keffi kuwa dogo bai bi ta cikinta ba. Tashar da ta fi kusa da ita ita ce Gudi, a kan hanyar Akwanga, can mutanen Keffi ke zuwa su hau jirgi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Hanyar Loko ta yi sanyi, ayari ya ƙare, amma mutanen ba su daina tafiya ba. Bugu da ƙari, cikin 1926 Turawa suka rushe Lardin Nasarawa, suka sa Keffi da Nasarawa da Lafiya cikin Lardin Binuwai, wanda Makurdi ta zama hedkwatarsa. Saboda haka shekara da shekaru duk wata babbar magana ta mulki da ta shafi Keffi, sai ta ƙetare gadar nan ta je gaban Razdan. Sai a 1967 aka yi Jihar Binuwai da Filato mai hedkwata a Jos, a 1976 Keffi ta faɗa Jihar Filato, kana ran 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa.

Gadar ta ga ranakun baƙin ciki kuma. Cikin 1966, sa'ad da ƙasa ta rikice aka zubar da jinin bayin Allah masu yawa, jiragen ƙasa cike da mutanen Gabas sun ƙetare ta suna gudu zuwa gida, su ma 'yan Arewa mazauna Gabas suka ƙetaro ta, sun bar gidaje da rumfuna da bashin da suke bi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, ta kanta sojoji da kayan yaƙi suka riƙa wucewa zuwa fagen daga. Bayan an ajiye makamai a watan Janairu na 1970, ta kanta ɗin dai mutane suka fara komawa, kowa yana neman inda ya bari. Wanda ke zaman baƙunci a ƙasar wasu ya fi kowa sanin darajar wannan darasi. Allah Ya kiyaye maimaituwar irin wannan.

HALIN DA TAKE CIKI

Da motoci suka yi yawa, tsohuwar gada ta kasa ɗaukarsu saboda ƙuncinta. A ƙarshen shekarun 1970, bayan Makurdi ta zama babban birnin Jihar Binuwai a 1976, aka gina sabuwar gadar kankare wadda manyan motoci ke bi yanzu. A watan Mayu na 2023 kuma aka ƙaddamar da wata gadar tsakanin Loko da Oweto, watau tsohon mashigin fatake ya sake rayuwa, kuma mai zuwa Gabas daga Keffi ya sami hanya ta biyu, ta garin Nasarawa.

Abin takaicin shi ne dogon da aka gina gadar dominsa. An daɗe rabon da a ga jirgin fasinja yana kai da kawowa a kai a kai tsakanin Fatakwal da Kafanchan. Tashoshin da a da suke cike da masu talla da 'yan dako, irin su Gudi da Lafiya, sun yi tsit. Shanu sun koma tirela, fasinja sun koma safa, tare da tsadar mota da haɗarin hanya da yawan shingaye. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran dogon daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Ran da gyaran ya iso Binuwai, wannan tsohuwa ce dai za a duba a ga ko tana da sauran ƙarfi.

Ƙarfe kuwa abokin gabansa tsatsa ne, maganinsa fenti da dubawa a kan kari. Ga kuma ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda ruwan sama da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru suka haɗu suka haddasa, sun raba dubban mutanen Makurdi da gidajensu. Gadar ta tsaya, amma kowace ambaliya tana taɓa gindin ginshiƙai. Rigakafi ya fi magani. Ya kamata hukumar jiragen ƙasa da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa su ɗauki gadar nan da muhimmanci, domin in aka bari ta lalace, ba mai sake gina irinta.

ABUBUWAN KALLO A MAKURDI

Wanda ya sami sa'a biyu ko uku a Makurdi, to, ya fara da bakin kogi. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ne gadar ta fi kyan gani, lokacin da masunta ke fita ko dawowa, masu ɗiban yashi suna loda kwalekwalensu. A gaɓar kudu akwai tashar jirgin ƙasa da tsofaffin gine-ginen ma'aikatan dogo, waɗanda ke nuna yadda garin ya faro. Ba nisa da nan akwai unguwar Wadata da kasuwarta, tsohuwar unguwa ce da Hausawa da Jukunawa da sauran kabilu suka daɗe a cikinta. A nan baƙo zai sami masallaci, da abincin da ya saba da shi, da kifin Binuwai ɗanye da busasshe. A shataletalen Wurukum kuma akwai siffar ƙaton kwando cike da amfanin gona, alamar kirarin jihar na cewa ita ce kwandon abincin ƙasa, kuma wanda ya ga doya da lemo da mangwaro a kasuwannin garin ba zai yi musu ba.

A gaɓar arewa, wadda ake kira Nos Banki, akwai wata babbar unguwar 'yan Arewa, da makarantar injiniyoyin soja, da hanyar zuwa Jami'ar Aikin Gona wadda aka kafa a 1988, aka sa mata sunan marigayi Joseph Tarka daga baya. Tun da akwai barikin soja a yankin, ya kyautu mai son ɗaukar hoto ya nemi izni tukuna.

DAGA BAKIN KOGI ZUWA KEFFI

Daga Makurdi zuwa Lafiya kimanin kilomita 100 ne, kuma an mai da hanyar tagwaye har Keffi. Lafiya gari ne da Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Fadar Sarkin Lafiya abin gani ce, musamman ran hawan Salla. Sarkin yanzu, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ya hau gado a 2019. Mai sauran lokaci yana iya ratsewa zuwa Keana, garin Alago, ko Awe, inda mata suka gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni. Sukan tace ƙasa mai gishiri da ruwan rafin gishiri, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar farin gishiri. Wannan gishiri yana cikin hajjar da ta riƙa jawo fatake yankin tun kafin zuwan Turawa.

Gaba da Lafiya sai duwatsun Eggon su tare ido. A kan duwatsun nan mutanen Eggon suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, sai da ƙasa ta lafa suka sauko. Daga Akwanga, wanda ya shirya zai iya bin hanyar Wamba ya je Farin Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse tsayin kimanin mita 150, fari fat kamar an shanya alawayyo. Ƙarshen hanyar sai an taka da ƙafa, kuma da damina ruwan ya fi ƙarfi amma hanyar ta fi wuya. In an dawo babbar hanya aka nufi yamma, sai Gudi, sai Garaku, sai Keffi.

KEFFI

Wani Bafulatani mai suna Abdu Zanga, wanda ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi a farkon shekarun 1800. Sunan garin daga kalmar kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi don tsaro. Keffi ta kasance ƙarƙashin Zazzau, tana kai gaisuwa Zariya kowace shekara, kuma ba a ɓoye yake ba cewa har da bayi cikin gaisuwar, waɗanda ake kamowa daga kabilun da ke kewaye. Daga Keffi ne Umaru Makama Dogo ya fita ya kafa garin Nasarawa cikin shekarun 1830.

Abin da ya sa sunan Keffi ya shiga littattafan tarihi na duniya ya faru ne ran 3 ga Oktoba, 1902. A lokacin Sarkin Zazzau yana da wakili a Keffi, Magaji Ɗan Yamusa, jarumi wanda ƙarfinsa a garin ya kai a ji tsoronsa, kuma bai yarda da mulkin Turawa ba. Razdan na lardin, Kyaftin Maloni, ya je ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Masu ba da labari da yawa sun ɗora laifin abin da ya biyo baya a kan tafinta, suka ce ya juya maganganun da ke tsakani. Ko ma dai yaya ne, Magaji ya kashe Maloni a ranar, ya hau doki ya nufi arewa.

Da ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a matsayin ɗaya daga cikin hujjojinsa na kai yaƙi. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kano ta faɗa hannun Turawa, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa ta zuwa gabas, kuma tare suka kwanta dama a yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli, 1903. Watau abin da ya faru a ƙofar fadar Keffi yana cikin abubuwan da suka gaggauta cin ƙasar Hausa baki ɗaya.

Har yanzu akwai dutsen da ake kira da sunan Maloni a cikin garin, wanda ya hau shi zai hango Keffi shimfiɗe a ƙasa. Sunan Yamusa ma bai ɓace ba, Sarkin Keffi na yanzu shi ne Dokta Shehu Chindo Yamusa na Uku, wanda ya gaji mahaifinsa, Alhaji Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu, da ya rasu a ƙarshen 2015. Bayan fada da babban masallaci, baƙo ya leƙa Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun sakandare na Arewa, wadda ta yaye manyan ma'aikata da hafsoshi da yawa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969. Akwai kuma Jami'ar Jihar Nasarawa, da kogin Antau da ke ratsa garin. Daga Keffi zuwa Abuja kuwa tafiyar kilomita 50 ce ko sama kaɗan.

SHAWARA GA MASU ZUWA GIDA

Yara da yawa an haife su a Aba ko Inugu ko Fatakwal, suna jin Ibo da Turancin Buroka kamar ruwa, amma in an tambaye su labarin garin iyayensu sai su yi shiru. Laifin ba nasu ba ne. In an tashi zuwa gida sai a sa su cikin motar dare, su farka a ƙofar gidan kaka, bayan mako guda a mai da su ta yadda aka kawo su. Gani ya kori ji. Uban da ya tsaya da ɗansa a bakin tsohuwar gada ya ce masa ta nan kakanka ya wuce da shanu, sa'an nan ya kai shi fadar Lafiya da dutsen Keffi, ya ba shi abin da zai riƙe har tsufansa.

Tafiyar rana ta fi, don kallo da kuma don tsaro. Rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka masu yawa a kan iyakar Binuwai da Nasarawa cikin shekarun nan, saboda haka a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi, kada a ratse ƙauyuka ba tare da ɗan gari ba, a kuma kama baki daga maganar da za ta tada hankali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗi, amma mai son ganin Binuwai a cike sai ya zo wajen Satumba. A fada kuma a bi ta hannun dogarai da fadawa, a gaida manya yadda aka saba.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu suna da bakin da ake ji. In suka haɗa murya da mutanen Binuwai da na Nasarawa wajen roƙon a gyara gadar nan, a dawo da jirgi, a kuma kafa allunan bayani a wuraren tarihi na Keffi, ba ƙaramin amfani za a samu ba, domin su ne za su fi kowa morar jirgin in ya dawo. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya mai da shi wurin sana'arsa lafiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.